Bencinmu Ya Shiga Gwamnati

Yau da safe, a mashigar Sharada, wani direban tirela ya leƙo daga can sama inda Allah ya ɗora shi, ya dube ni, ya dubi abin da ke ɗaure a bayan mashin ɗina, ya ce, "Baba, mai gidan haya ne ya koro ka?"

Na ce masa a'a, makaranta za ni.

Ya ce, "To Allah ya sa ka gama kafin furfurar ta gama."

Ban tsaya yi masa bayani ba, don a lokacin ina tsakanin tayarsa da kwata. 'Yata Aina'u na maƙale a bayana, benci na maƙale a bayanta, man da ke tankina kuma bai fi wanda ake ɗiga wa ido ba. Ga shi yau ce ranar jarrabawarta ta shiga sakandare. Amma ku da kuke ɓata lokacinku a kan wannan shafi kun cancanci bayani, tunda ba ku da tirelar da za ku take ni da ita.

Sunana Lawal, kuma ga wanda bai sani ba, a wani kamfanin roba da ke Sharada nake aiki. Kujeru muke yi. Tun safe ina tsaye a gaban inji, shi yana haifo kujera, ni ina karɓar haihuwa, in yanke mata cibiya, in ɗora ta a kan 'yan'uwanta. Duk wani biki da aka yi a garin nan, da wuya a ce ba a zauna a kan gumina ba. Ni kuwa ba na zama, don oga ya ce mai yin kujera in ya ɗanɗana ta aiki ya mutu. Sai ga shi 'yar mai yin kujeru, 'yar aji shida, a ƙasa take zama a makarantar firamaren unguwarmu, ita da duk 'yan ajinsu.

Ban san abin ya kai haka ba sai ranar da maiɗakina Atika ta dawo daga Bompai, inda take naɗe alewa a wani kamfani, ta tarar da wanki na jiranta. Ta ɗago hijabin Aina'u da yatsa biyu ta nuna mini.

"Malam, dubi nan. Wannan fari ne aka saya. Yarinyar nan karatu take zuwa ko haƙar rijiya?"

Na karɓi littafin yarinyar na duba. Rubutun ya fara daga sama tiryan-tiryan, yana zuwa tsakiya sai ya gangara kamar mashin da birki ya tsinke. Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Baba, ai a nan gwiwata ta ƙare."

Wannan magana ta zauna mini. Yarinya ce mai kai, ba irin nawa ba, na uwarta ta ɗauko. Malamarsu ta ce in dai mai duba takarda ya iya karanta abin da ta rubuta, to ta ci. Matsalar ke nan: sai ya iya karantawa.

Za ku ce me ya hana in kai mata kujerar roba. Na kai, 'yan'uwa. Da kuɗina na saya, a kamfanin da na yi ta da hannuna. Ba ta daɗe a aji ba aka yi suna a bayan makaranta, aka zo aro. Daga suna ta wuce ɗaurin aure, daga can ta zarce zaman makoki. Kujerar roba ba ta da uba, ta jama'a ce.

Sai na kai kuka wajen Bitrus, kafintan kamfaninmu, mutumin kudancin Kaduna, wanda 'yarsa Rut ke aji ɗaya da Aina'u, suna raba ƙasa guda. Bitrus mutum ne da in ya ga ƙusa a karkace ba ya iya cin abinci. Muka roƙi oga katakan da ake jera buhuna a kai, waɗanda suka tsufa, ya ba mu yana kallonmu kamar mun roƙi hannun jari. Bitrus ya yi ta fama da su bayan tashi daga aiki. Ya feƙe, ya goge da samfefa, ya haɗa benci da teburinsa, har da ɗan kwarin ajiye fensir. Da ya gama sai ya ja da baya ya ce, "Malam Lawal, wannan ko jikokinmu sai sun gaji da shi."

Kafin mu kai shi makaranta ya kwana a gidana, Atika ta sauke tukunyar miya a kansa, gindin tukunyar ya bar masa baƙin zobe a kusurwa. Bitrus bai yi mini magana ba har washegari da azahar.

Yaran nan biyu suka hau benci, rubutu ya miƙe. Hijabi ya fara tuna cewa fari ne. Ni kuma na fara tafiya a unguwa ina ɗaga kai kamar wanda ya gina asibiti.

Ana nan sai aka ce babban baƙo zai zo ƙaddamar da sababbin kujerun ɗalibai. Ba zan faɗi sunansa ba, ina da iyali. Mu kira shi Mai Girma Alhaji Mai Almakashi, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi. Bawan Allah ne da ba ya iya ganin ƙyalle a ɗaure ya wuce. Tun ana gobe zai zo aka cike ramukan layinmu da jar ƙasa, har ramin da muke ba baƙi kwatance da shi. Aka ce yara su zo da wankakken kaya su tsaya a rana su yi waƙa. Da hantsi wata babbar mota ta sauke sababbin bencina masu ƙamshin fenti, daidai waɗanda za su cika layin gaba na aji ɗaya.

Sai dai mai ɗaukar hoto ya ce akwai giɓi a gefen dama. Mai shirya taron, wani matashi Abdulbaqi da ke yawo da wayoyi a hannu biyu, ya zagaya azuzuwa yana neman abin toshe giɓi, ya yi kiciɓis da aikin Bitrus. Nan take aka ɗaga yara, aka shafa masa fentin nan na hukuma da ba ya bushewa sai a jikin rigar mutane, aka buga masa rubutu a gaba: KYAUTAR MAI GIRMA GA 'YA'YAN TALAKAWA.

Ina wajen aiki, don haka Aina'u ce ta ba ni labari. Ta ce Mai Girma ya yanke ƙyalle, ya bi bencina yana dubawa, da ya zo kan namu sai ya tsaya. Ya ƙwanƙwasa shi. Ya zauna, ya girgiza, benci ko gezau. Ya juya ga 'yan jarida ya ce, "Kun gani? Irin ingancin da muke tilasta wa 'yan kwangilarmu ke nan." Ɗan kwangila ya rusuna, ya ce wannan kaɗan ne daga aikinsu. Aka yi tafi.

Ƙurar motocinsu ba ta gama kwanciya ba, babbar motar nan ta dawo ta kwashe bencinan gaba ɗaya. Har da namu.

Washegari na nemi izinin oga na je wajen shugabar makarantar, Hajiya Ladidi, mace mai sanyin magana wadda ta ga ƙaddamarwa iri-iri a rayuwarta.

Na ce, "Hajiya, ranki ya daɗe, ina bencinmu?"

Ta ce, "Malam Lawal, ya tafi aiki."

"Wane aiki?"

"Akwai ƙaddamarwa a Dakata. Su waɗannan bencinan ba na zama ba ne, na ziyara ne. Wannan zuwansu na biyu ke nan wajenmu, wancan karon wani fentin ne a jikinsu. Na yi wa yaron magana, na ce wannan na iyaye ne. Ya ce in karanta abin da ke rubuce a jiki."

Ba a yi mako ba muka gan shi a labarai. Wuta ba ta zo ba, ita ma tana da nata uzurin, don haka a wayar maƙwabcina Ɗan'auta mai faci muka kalla, gida guda mun haɗa kai a kan allo kamar tafin hannu. Ga Mai Girma a Dakata, ga almakashi, ga bencina. Atika ta ƙwalla ihu.

"Wallahi ga gindin tukunyata nan! Fentin bai rufe shi ba!"

Ƙanin Aina'u, Kamilu, ya fita da gudu yana shaida wa yaran layi cewa an nuna bencinsu a talabijin. Bayan nan muka gan shi a Dorayi. Muka gan shi a wani ƙauye da ban taɓa jin sunansa ba. Ko'ina a kansa Mai Girma yake zama, don shi kaɗai ne ba ya kuka in an hau shi. Ɗan'auta ya ce, "Lawal, ka gode wa Allah. A zuriyarku kaf wa ya taɓa kaiwa wannan matsayi? Kai shekara nawa kana Sharada, ko kansila ya taɓa zama a kanka?"

Na ce masa ai kullum a kaina suke zaune, hoto ne kawai ba a ɗauka.

Na yi ƙoƙarin bin hakkina, kada ku ce ban yi ba. Na je ofishin da aka ce shi ke kula da irin wannan, aka tura ni na sama, na sama ya ce na ƙasa ne, na ƙasa ya tafi salla tun hantsi. Daga ƙarshe na yi sa'ar kama Abdulbaqi a bakin mota. Ya saurare ni da kunne ɗaya, ɗayan na waya.

Ya ce, "Baba, kana nufin kayan hukuma naka ne?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe, ina nufin kayana ne suka zama na hukuma."

Ya ce, "To ka yi a hankali da irin wannan magana. Akwai waɗanda ke tsare yanzu haka a kan abin da bai kai wannan ba. Amma tunda dattijo ne kai, na yafe maka."

Na yi godiya. Wallahi na yi godiya, har da rusunawa. Sai da na hau mashin na tuna ni aka yi wa sata.

A gida na tarar rubutu ya koma gangara, hijabi ya koma gidan jiya, jarrabawa kuma tana ta matsowa. Muna cin tuwo Aina'u ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Baba, in Baban Rut zai sake yi mana, ka ce masa kada ya yi mai kyau."

Na isar da saƙo. Bitrus ya ajiye guduma ya dube ni kamar na zagi kakansa.

"Malam Lawal, tun ina saurayi nake wannan sana'a. An roƙe ni ragi, an roƙe ni sauri. Ba wanda ya taɓa roƙo na in ɓata aiki."

Na ce, "Ba ɓatawa za ka yi ba, ɓoyewa za ka yi. Sama ya yi sumul don rubutu, sauran kuwa ya zama abin da ko akuya ba za ta yi sha'awa ba."

Ya yi, amma yana yi yana neman gafarar wanda ya koya masa aiki. Ƙafa ɗaya ya yi mata faci da tsohon kwano mai tsatsa. Ɗaya ya ɗaure ta da waya, alhali a ciki ta fi ƙarfe ƙarfi. Muka shafe shi da baƙin mai, muka bar shi a rana. Da muka kai, Hajiya Ladidi ta zagaya shi ta ce, "Madalla. Wannan ya yi kama da namu." Bitrus ya roƙe ta kada ta gaya wa kowa shi ya yi.

Muka samu kwanciyar hankali na ɗan lokaci. Har Atika ta fara cewa ashe wani lokacin ina da dabara.

Abin da ban lissafa ba shi ne, manyanmu iri biyu ne. Akwai masu zuwa su nuna an gyara, akwai masu zuwa su nuna an ɓata. Aka yi 'yan sauye-sauye a can sama, irin waɗanda mu sai dai mu ji a rediyo, sai ga wani kwamiti an kafa don gano yadda aka yi makarantu suka lalace. Shugabansa, Mai Girma Alhaji Mai Hankici, Allah ya ƙara wa idonsa ruwa, mutum ne mai taushin zuciya, musamman in an kunna kyamara. Wannan karon ba a cike ramuka ba, cewa aka yi ma kada a yi shara. Ya shiga ajin su Aina'u, ya tsallake yara fiye da yadda zan iya ƙirgawa suna zaune a ƙasa, bai ga abin kuka ba. Da idonsa ya faɗa kan bencinmu sai ya dafe ƙirji.

"Jama'a, ku dubi abin da waɗanda suka gabace mu suka bar wa 'ya'yan talakawa! A kan wannan 'yar mutum take zama!"

Ya fitar da hankici. Aka ɗaga yara. Aka ce benci ya zama hujja, za a kai shi babban zauren taro a nuna wa duniya. Kuma wa kuke tsammani ya ɗauke shi ya sa a mota? Abdulbaqi. Wayoyin nan biyu dai, hula ce kawai ya sauya.

Da Bitrus ya leƙo gidana na gaya masa. Sai ya ce, "Wato mai kyau sun ce nasu ne, mummuna sun ce na abokan gabarsu ne. To wanne ne namu?"

Atika ce ta ba da amsa, tana tsaye a kan wanki. Ta ce, "Ku maza kuna ta wahalar da katako. Ba kyau ne matsalar ba, ba muni ba ne. Kwana ne. Duk abin da ya kwana a makarantar nan ya zama marar gata. Ku yi wanda zai je da safe ya dawo da rana, kamar yaran."

Haka aka haifi benci na uku, mai naɗewa. Kullum in ɗaure shi a mashin in kai shi tare da Aina'u kafin in wuce aiki, in an tashi Ɗan'auta ya karɓo shi ya ajiye a rumfarsa, ya zauna a kai don tsaro. Ranar da layin mai ya yi tsawo kuwa, nakan kwance shi in buɗe a gidan mai, mu zauna da sauran bayin Allah muna yaba wa waɗanda suka ce man ya wadata.

To yau, bayan na kuɓuta daga mai tirela, muka isa makaranta. Bitrus da Rut na jira a bakin aji. Muna cikin buɗe benci sai wani mutum mai ƙiba, da takardu a hammata, ya ɗaga mana hannu. Mai sa ido ne da aka turo daga ofis.

"Wannan fa?"

Na ce, "Benci ne, ranka ya daɗe."

"Na ga benci ne. Doka ta ce ɗalibi ba ya shiga da komai daga gida sai fensir da abin gogewa. Wa ya sani ko an rubuta amsa a ƙarƙashinsa?"

Bitrus ya kifa shi, ya ce a duba. Mutumin ya duba, bai ga komai ba sai aiki mai kyau, ya ce duk da haka doka doka ce. Na dubi Aina'u. Ba ta yi kuka ba. Ta dai sunkuya tana gyara zaninta a daidai gwiwa, tana shirya teburin da ta saba. Ni da na sha zagin oga da na masu tirela ban ji komai ba, wannan kam na ji shi.

Sai ga Hajiya Ladidi ta taho a hankali. Ta gaishe shi, ta tambayi hanya, ta tambayi iyali, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, ofis sun haɗo ka da kujera?"

Ya ce a'a, ai ya ɗauka makaranta za ta ba shi.

Ta ce, "Ayya. Tawa tun bara aka are ta. Ga jarrabawar nan kuma har azahar, ga ka da jiki, masha Allah." Ta bar shi ya leƙa ajin, ya ga siminti, ya dubi ƙafafunsa. Sannan ta ce, "Ai iyayen nan ba su iya bayani ba ne. Wannan ba bencin ɗalibai ba ne, na mai sa ido ne, don kai aka kawo shi. Sai dai ya yi maka tsawo. In ka zauna a tsakiya, sai a sa yara biyu a gefe su danne shi kada ya ɗaga."

Mutumin ya tsaya yana nazarin doka. Ya danna bencin da hannu. Ya ce a gaskiya dokar ba ta hana mai sa ido zama ba.

Ta taga na leƙa kafin in tafi. Ga shi a tsakiya ya cika wuri, Aina'u a dama, Rut a hagu, kowacce da rabin mazauni a iska, amma takarda a kan katako, fensir na tafiya a miƙe. Ba na jin a faɗin jihar nan akwai ɗaliban da aka tsare kamar yaran nan biyu. Sauran 'yan ajin kuwa suna ƙasa, kowa ya tanƙwara a kan gwiwarsa, su da aka ƙaddamar wa bencina sau biyu aka kuma yi musu kuka sau ɗaya.

Na makara a aiki, oga ya yi mini wankin da ya saba. Da azahar na saci jiki na koma. Aina'u ta fito tana murmushi, ta ce ta amsa duka, kuma har ƙasan takarda layinta bai karkace ba. Sakamako na wajen Allah, amma ko ba komai mai dubawa zai ga abin da zai karanta.

Ina cikin naɗe benci sai mai sa idon ya matso yana miƙa, ya shafa katakon, ya ce rabonsa da zama mai daɗi haka tun yana ɗalibi. Ya ce gobe akwai taron manya a ofishinsu, kuma ya tabbata shugabansu zai so ya ga irin wannan ƙoƙari na iyaye, wataƙila ma har a karrama ni.

Na gode masa ƙwarai. Ina godiyar ina ɗaure igiya. Ban san mashin ɗina na iya wannan gudun da ɗigon mai ba sai yau.

Bencin yana ɗaki yanzu haka, Atika ta lulluɓe shi da tsohon zani. In wani ya zo unguwarmu yana tambayar gidan mai benci, don Allah ku ce masa mun tashi. Mai tirela ma shaida ne, ya gan ni da kaya.